André Citroën: Mai motocin da suka iso Damagaram a 1924, da cacar da ya yi a kan giyar mota

Duk wanda ya je sayen mota a yau, ko a Zinder ko a Maraɗi ko a Yamai, tambayar farko da dillali zai yi masa ita ce: mai giyar hannu kake so ko otomatik? Attajiran da ke sayen motocin alfarma masu gudun tsiya, irin su Porsche, su ma ba su tsira daga wannan tambaya ba, sai dai tasu ta ɗan bambanta. Su zaɓinsu yana tsakanin sandar giya da kuloci irin na da, da kuma wasu 'yan kunnuwa biyu da ke bayan sitiyari, waɗanda direba ke ja da yatsa giya ta canza ba tare da ya taka komai ba.

Wannan muhawara ta girmi duk direbobin da ke raye yanzu. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka zuba dukiyarsu a kanta shi ne André Citroën, Bafaranshen da ya fara arziki da haƙoran giya, ya aiko motocinsa suka ratsa hamada suka iso Damagaram a 1924, sannan bayan shekara goma ya yi yunƙurin raba direba da sandar giya, abin ya ƙi. Ya hango inda duniyar mota ta nufa, amma bai lissafa tsawon hanyar ba.

Maraya daga zuriyar mai sayar da lemo

An haifi André-Gustave Citroën a birnin Paris ranar 5 ga Fabrairu 1878, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Levie, Bayahude ne ɗan kasuwar lu'ulu'u da ya taso daga Amsterdam ta ƙasar Holan. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Warsaw ce ta ƙasar Poland. Sunan gidansu ma daga sana'a ya samo asali, domin a harshen mutanen Holan ma'anarsa lemun tsami, kuma ɗaya daga cikin kakanninsu lemo yake sayarwa.

Yana da shekara shida mahaifinsa ya kashe kansa bayan wata harkar kasuwanci ta rushe masa. Uwa ce ta riƙe gidan. Yaron ya yi karatu a makarantar Lycée Condorcet, a 1898 ya samu shiga École Polytechnique, makarantar da Faransa ke horar da manyan injiniyoyinta da hafsoshin sojanta. Bai kai ga kammalawa ba mahaifiyar ta rasu a 1899.

A 1900, shekarar da ya gama makaranta, ya kai wa dangin mahaifiyarsa ziyara a Poland. A can ya ga wani abu da ya canza rayuwarsa: faifan giya da aka sassaƙa da katako, wanda haƙoransa ba a miƙe suke ba, an yanka su ne kamar ƙashin kifi, kowane haƙori mai siffar harafin V. Ya sayi takardar mallakar wannan fasaha, ya koma gida da niyyar yin irinsa da ƙarfe.

Sirrin haƙori mai siffar V

Duk bakanike ya san cewa cikin akwatin giya faifai ne masu haƙora ke cizon juna, wani ya juya wani. Idan haƙoran a miƙe suke, haɗuwarsu karo ce, shi ya sa suke ƙara kuma suke saurin cinyewa. Idan aka karkata su, sai su riƙa shiga juna sannu a hankali, ƙarar ta ragu, amma sai wata matsala ta ɓullo: karkatar tana tura faifan zuwa gefe ɗaya. Haƙori mai siffar V yana maganin duka biyun, domin rabinsa na tura dama, rabinsa na tura hagu, sai turin ya kashe juna. Faifan ya ɗauki nauyi mai yawa, ya yi aiki shiru.

Wahalar ita ce yanka irin wannan haƙori a jikin ƙarfe ba tare da kuskure ba. Citroën ya haɗa jari da abokansa 'yan gidan Hinstin, suka buɗe masana'anta a Paris, suna sayar wa masu manyan injuna da jiragen ruwa. Alamar V biyu a kife da ake gani a goshin kowace motar Citroën har yau, hoton waɗannan haƙora ne.

A 1908 aka kira shi ya ceto kamfanin motoci na Mors da ke neman durƙushewa. Cikin 'yan shekaru ya ninka yawan motocin da kamfanin ke ƙerawa kusan sau goma. A 1912 ya je Amurka ya ga yadda Henry Ford ke tsara aiki, kowane ma'aikaci da abu ɗaya da yake yi, ana fitar da mota iri ɗaya da yawa a kan farashi mai sauƙi. Abin ya zauna masa a rai. A 1914 ya auri Georgina Bingen, 'yar wani ma'aikacin banki ɗan asalin Italiya.

Daga harsashin igwa zuwa mota

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, an kira shi aikin soja a rundunar igwa. Yayansa Bernard ya mutu a fagen daga tun a watannin farko. Citroën ya ga da idonsa yadda sojojin Faransa ke ƙarancin harsasan igwa, sai ya kai wa ma'aikatar yaƙi shawarar ya gina masana'anta da za ta riƙa fitar da su dubbai a kullum. A 1915 ya gina ta a unguwar Javel, a bakin kogin Seine. Akasarin ma'aikatan mata ne, tunda maza suna bakin daga. Kafin yaƙin ya ƙare masana'antar ta ƙera harsasai fiye da miliyan 20.

Da aka yi sulhu, ya juya masana'antar zuwa ƙera mota. A 1919 ya fitar da Type A, motar da ake lasaftawa a matsayin ta farko a Turai da aka ƙera da yawa bisa tsarin Ford. A wancan zamani mai sayen mota yakan sayi inji da ƙashin mota ne, sannan ya kai wa wani ya gina masa jiki. Citroën ya sayar da tasa a kammale, da fitilun lantarki, da tayar safiya, da sitata mai tashi da batir, ba sai an murɗa ƙarfe a gaba ba. Tun daga nan manufarsa ta fito fili: a rage wa direba wahala, har mutumin da bai san komai game da inji ba ya iya tuƙi. Shi kansa ba mai sha'awar zama bayan sitiyari ba ne. Abin da ya iya shi ne tsara aiki da sayarwa.

Wajen talla kuwa babu na biyunsa a zamaninsa. A 1922 ya sa jirgin sama ya rubuta sunansa da hayaƙi a samaniyar Paris. Ya kafa allunan nuna hanya a titunan Faransa ɗauke da alamar kamfaninsa. Ya ƙera ƙananan motocin wasa na yara. Daga 1925 zuwa 1934 ya yi hayar hasumiyar Eiffel, ya rubuta sunansa a jikinta da ƙwayayen lantarki kimanin 250,000. Amma tallarsa mafi girma a Afirka ya yi ta.

Hanyar Damagaram

Akwai wani injiniya Bafaranshe mai suna Adolphe Kégresse da ya yi shekaru yana kula da motocin sarkin Rasha Nicholas na Biyu. Don motar sarki ta iya tafiya cikin dusar ƙanƙara, ya cire tayoyin baya ya maye gurbinsu da sarƙar roba mai faɗi irin ta katafila. Bayan juyin juya halin 1917 ya dawo Faransa, Citroën ya ɗauke shi. Tunaninsu shi ne abin da ya hana mota nutsewa a ƙanƙara zai hana ta nutsewa a rairayi.

Ranar 17 ga Disamba 1922 irin waɗannan motoci guda biyar suka tashi daga Touggourt ta ƙasar Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt, babban daraktan kamfanin, da Louis Audouin-Dubreuil, tsohon hafsan soja da ya san hamada. Ranar 7 ga Janairu 1923 suka shiga Tambutu. Wannan ne karo na farko da mota ta ƙetare Sahara daga arewa zuwa kudu.

Nasarar ta sa aka shirya babbar tafiya, wadda aka fi sani da Croisière Noire. Motoci takwas, kowace tana jan tirela, suka bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba 1924. Suka ratsa hamadar Tanezrouft, suka sauko bakin kogin Kwara a Bourem, suka bi gaɓarsa zuwa Yamai a ƙarshen Nuwamba. Daga nan suka miƙi gabas ta ƙasar Hausa, suka bi ta Tasawa, a farkon Disamba suka iso Zinder.

Garin da suka tarar shi ne hedikwatar mulkin mallakar Nijar a lokacin, domin sai a 1926 aka mayar da ita Yamai. Gari ne da ya san baƙi daga arewa tun kafin Turawa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a cikin gari, ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gat sukan sauka a Zango kafin su wuce Kano, kuma tafiyar watanni take ɗauka. Faransawa sun ci garin a 1899, a 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi gudun hijira, sai a 1923 suka mayar da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. Kenan bai daɗe da hawa ba baƙin suka iso. Kasuwancin hamada kuma ya riga ya yi sanyi tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar teku. Sai ga motoci sun yi cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki abin da raƙumi ke yi a watanni.

Cikin ayarin akwai Léon Poirier mai ɗaukar fim, da Alexandre Iacovleff, mai zane ɗan Rasha, wanda ya zana hotunan sarakuna da talakawan da suka gamu da su, har da Sarkin Damagaram. Daga Zinder suka nufi tafkin Chadi, suka isa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, a ƙarshen Disamba. Tafiyar ta ƙare a Antananarivo ta Madagaska ranar 26 ga Yuni 1925, bayan kimanin kilomita 20,000. An nuna fim ɗin a Paris a 1926, ya ja jama'a sosai.

Fim ɗin ya nuna jarumtar Turawa, bai tsaya kan waɗanda suka sha wahalar ba. Tun kafin motocin su tashi an riga an jibge fetur da kayan gyara a zango-zango, kuma 'yan Afirka ne suka yi dakon kayan, suka share hanya, suka haɗa kwale-kwale aka ƙetarar da motocin a koguna, a zamanin da aikin tilas yake doka a yankunan da Faransa ke mulka, domin sai a 1946 aka soke shi. Tafiyar talla ce ga kamfani, kuma hidima ce ga mulkin mallaka da ke son haɗa yankunansa da hanya. Shi Citroën bai taɓa taka ƙasar Damagaram ba. Yana Paris yana karɓar labari ta waya. Shirinsa na buɗe layin yawon buɗe ido daga Aljeriya zuwa Tambutu, wanda ya kashe wa maƙudan kuɗi har da gina masaukai, an soke shi a farkon Janairu 1925, 'yan kwanaki kafin bikin buɗewa, bisa dalilin tsaro.

Abin lura ga masu sha'awar inji shi ne ƙanƙantar ƙarfin waɗannan motoci. Injinsu bai kai lita ɗaya da rabi ba, ƙarfinsa kimanin doki 20, abin da babur babba na yau ya fi. Abin da ya fitar da su daga rairayi shi ne giya: akwati mai giya uku na hannu, da wani ƙarin akwati mai rage gudu ya ƙara ƙarfi. Direba ne ke duban ƙasa ya zaɓi giyar da ta dace, kuma in wani abu ya karye, makanikan ayarin su kwance shi a tsakiyar daji su gyara.

Cacar 1934

Zuwa 1929 kamfanin yana fitar da motoci fiye da 100,000 a shekara, ya zama kan gaba a Faransa. Amma Citroën mutum ne mai kashe kuɗi kafin su shigo, kuma sananne ne a gidajen caca na Deauville. Yadda yake a teburin caca haka yake a ofis. Bankin Lazard da ya shigo ya tallafa masa a ƙarshen shekarun 1920 ya janye bayan sun kasa jituwa kan kashe kuɗi. Haardt, wanda yake iya taka masa birki, ya rasu a Hong Kong a Maris 1932, jim kaɗan bayan ya kai wani ayarin motocin daga Beirut zuwa Beijing.

Lokacin nan karayar tattalin arzikin duniya ta iso Faransa, ciniki ya ja baya. Maimakon ya tsuke bakin aljihu, a 1933 Citroën ya rushe masana'antar Javel ya sake gina ta cikin 'yan watanni, don kada babban abokin hamayyarsa Louis Renault ya fi shi. A shekarar ce kuma ma'aikata suka yi dogon yajin aiki saboda an rage musu albashi. Duk fatansa ya ɗora shi a kan sabuwar mota guda ɗaya da za ta sha gaban kowa da shekaru.

Ya ɗauko injiniya André Lefèbvre, wanda ya fito daga harkar jiragen sama, da Flaminio Bertoni, masassaƙi ɗan Italiya da ya fitar da siffar motar. Abin da suka tsara shi ne Traction Avant. Tayoyin gaba ne ke jan ta, saɓanin yawancin motocin zamanin. Jikinta da ƙashinta a haɗe suke, abin da ya sa ta yi ƙasa-ƙasa ta kuma rage nauyi. Birkinta na mai ne. An ba su ƙasa da shekara ɗaya da rabi su gama.

Citroën ya ƙara da abu na ƙarshe: yana son motar ta fito ba tare da kuloci ko sandar giya ba. Wani injiniya mai suna Dimitri Sensaud de Lavaud, wanda ya yi suna a Brazil wajen ƙera jirgin sama, ya kawo masa wata na'ura mai aiki da mai. Misalinta kamar fanka biyu ne suna fuskantar juna cikin tukunya cike da mai: inji ya juya ta farko, ta kaɗa man, man ya juya ta biyu, ita kuma ta juya tayoyi. Babu haƙorin da direba zai sa ko ya cire. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya abin ya yi daɗi, kuma Citroën ya ƙwallafa rai a kansa, duk da cewa injiniyoyinsa suna ɗari-ɗari.

Da aka fita gwaji a farkon 1934, aka kai motocin hawan tudu, sai man ya riƙa zafi fiye da kima, ƙarfi ya zube, motoci suka tsaya. Lokaci ya ƙure, masu bin bashi suna bakin ƙofa. Dole aka jingine na'urar, aka umarci injiniyoyi su fitar da akwatin giyar hannu cikin 'yan makonni, kuma ya shiga ɗan gurbin da aka tanadar wa wancan. Haka aka samu akwati mai giya uku, da sandarsa da ta leƙo daga gaban mota kusa da sitiyari maimakon ta fito daga ƙasa. Mutumin da ya yi arziki da haƙoran giya ya so ya rabu da su, ga shi su ne suka fitar da shi kunya.

An nuna motar ga 'yan jarida ranar 18 ga Afrilu 1934, aka fara sayarwa a watan Mayu. Jama'a sun yaba, amma gaggawa ta bar baya da ƙura. Motocin farko sun riƙa samun matsala a sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba da kuma akwatin giyar da aka yi a gurguje, gyaransu kuma a wuyan kamfani yake. Ba na'urar otomatik kaɗai ta karya Citroën ba, bashin sabuwar masana'anta da faɗuwar kasuwa sun fi ta nauyi. Sai dai ta cinye watanni da kuɗi a daidai lokacin da ba shi da rarar ko ɗaya daga cikinsu.

Ƙarshen rayuwa

A ƙarshen 1934 wani ƙaramin kamfani da ke kawo masa kaya ya kai ƙara kotu kan kuɗinsa. Ranar 21 ga Disamba kotu ta sa kamfanin Citroën a hannun masu warware bashi. Michelin mai yin taya, wanda ya fi kowa bin sa kuɗi, ya karɓi ragama, aka sallami dubban ma'aikata. A farkon 1935 Citroën ya bar ofishin da ya gina.

A lokacin ciwon daji ya riga ya kama shi a ciki. Ya rasu a Paris ranar 3 ga Yuli 1935 yana da shekara 57, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse. Bai ga abin da motarsa ta zama ba. Bayan an gyara kurakuranta, Traction Avant ta yi shekara 23 ana ƙera ta, har zuwa 1957, an fitar da kimanin 760,000. Har ta ƙare da giyar hannu mai uku take tafiya.

Abin da ya hango

Shekara biyar kacal bayan faɗuwarsa, kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da motocin Oldsmobile masu giyar otomatik da ta yi aiki. A 1955 kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya fitar da DS, motar da ba ta da kuloci a ƙasa: direba yana taɓa wata 'yar sanda a bayan sitiyari, ƙarfin mai ya yi sauran aikin. Duk da haka ba a daɗe ba kamfanin ya fitar da ƙanwarta mai suna ID, mai kuloci da giyar hannu, don masu son sauƙin farashi da sauƙin gyara.

'Yan kunnuwan bayan sitiyari kuwa daga filin tsere suka fito. A 1989 Ferrari ta sa su a motarta ta gasar Formula 1, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da aka yi da ita a Brazil. A 1997 ta sa su a F355, motar da ake hawa a titi. Amfaninsu a bayyane yake: hannu biyu na kan sitiyari, giya na canzawa cikin ƙiftawar ido, kuma na'ura ba ta bari direba ya sa giyar da za ta fasa inji.

Akwatin da yawancin irin waɗannan motoci ke amfani da shi yanzu yana da kuloci biyu, ɗaya na riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan na riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6. Kana tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai kawai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Wanda ya fara tsara wannan dabara a shekarun 1930, da niyyar sa ta a Traction Avant, shi ne Adolphe Kégresse, mutumin da sarƙar robarsa ta taka rairayin Damagaram. Ya rasu a 1943 ba a yi amfani da ita ba. Sai da kwamfuta ta ƙanƙance ta iya sarrafa kulocin biyu, Porsche ta gwada ta a motocin tsere a shekarun 1980, Volkswagen ta kawo ta kasuwa a 2003.

A farkon shekarun 2010 Ferrari da Lamborghini suka daina ƙera mota mai giyar hannu, saboda masu nemanta sun yi ƙaranci. Amma zancen bai mutu ba. Porsche ta fitar da 911 GT3 a 2013 ba tare da giyar hannu ba, masu saye suka yi ta ƙorafi, a 2017 ta dawo da ita. Tsofaffin Ferrari masu sandar giya kuma yanzu sun fi 'yan uwansu tsada a kasuwar gwanjo. Masu kunnuwa sun fi sauri, wannan ba gardama. Masu sanda kuwa suna biyan kuɗi ne don su ji cewa su ke tuƙin.

A Damagaram lissafin ya fi kusa da na makanikan 1924. Direban da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko mai jigila tsakanin Zinder da Kano ta Matamaye, yana tunanin zafin da ke dafa man giya, da rairayin da ke son a riƙe giya ɗaya, da batirin da in ya mutu sai an tura mota ta tashi, abin da otomatik ba ta yarda da shi. Yana kuma tunanin wanda zai gyara in ta lalace, da inda za a samo kayanta. Mai zirga-zirga a cikin gari, wanda ƙafarsa ta gaji da taka kuloci, shi kuma yana da hujjarsa ta zaɓen otomatik, kuma irinsa Citroën ya yi wa tanadi tun 1934. Tambayar da tudu ya yi wa na'urarsa a waccan shekara ita ce dai mai sayen mota zai yi wa kansa kafin ya biya: wace hanya motar za ta bi, kuma wa zai buɗe akwatin giyar ran da ta tsaya?